Masar: Kama da Wane Ba Ta Wane a Kasuwar Takalman Gudu

Tun bayan da darajar kuɗin ƙasar Masar, wato fam, ta shiga faɗuwa a shekarar 2022, masu sha'awar motsa jiki a birnin Alƙahira suka sami kansu cikin tsaka mai wuya dangane da takalmin gudu. Na asali ya yi tsadar da ta fi ƙarfin mai matsakaicin albashi, jabu kuwa ya cika kasuwa, kuma masu yinsa sun ƙware har ta kai da wuya ido ya bambanta shi da na gaskiya. Abin tambaya a nan shi ne, idan ido ya kasa bambancewa, shin ƙafa da gwiwa ma ba sa iyawa?

Babu inda wannan tambaya ta fi fitowa fili kamar unguwar Zamalek. Ga jama'a da dama a Nijeriya da Nijar, da an ce Zamalek ƙwallon ƙafa ke zuwa musu a rai, musamman kulob ɗin nan da ya doke Shooting Stars ta Ibadan a wasan ƙarshe na cin kofin zakarun Afirka har sau biyu, a 1984 da 1996. To amma hedkwatar kulob ɗin tana tsallaken kogi ne a ɓangaren Giza. Ita unguwar Zamalek tana kan tsibirin Jazira, a tsakiyar kogin Nilu, kuma unguwa ce ta masu hannu da shuni da ofisoshin jakadancin ƙasashen waje. A kan wannan tsibiri ne kulob ɗin wasanni na Jazira yake, wanda aka kafa tun 1882, kuma titunan unguwar masu inuwar itatuwa na daga cikin wurare ƙalilan a birnin da mutum zai iya gudu ba tare da yana kokawa da motoci a kowane taku ba.

A ƙarshen shekarar 2012 aka kafa ƙungiyar Cairo Runners, wadda ta fito da al'adar taruwa a yi gudu a kan tituna da sanyin safiyar Juma'a, lokacin da birnin ke hutawa. Cikin 'yan shekaru abin ya karɓu, har ƙungiyar ta riƙa shirya gasar gudun rabin dogon zango. Muhimmancin wannan shi ne, gudu ya fito daga bayan katangar kulob-kulob na masu kuɗi ya hau titi, inda ɗan attajiri da ɗalibin jami'a da ƙaramin ma'aikaci ke jerawa kafaɗa da kafaɗa. Tambarin da ke jikin takalmansu kan zama iri ɗaya. Abin da ke cikin takalman kuwa, da kuɗin da aka biya, sun sha bamban.

Ba sai an yi nisa ba kafin a gano inda bambancin ya samo asali. Da mutum ya haye gada daga Zamalek zuwa Bulak, ya isa kasuwar Wikalatul Balah, wadda ta yi suna wajen gwanjo. Tun daga watan Oktoba na 2022 kuma, lokacin da layi na uku na jirgin ƙarƙashin ƙasa ya iso unguwar, tasha uku ce kawai tsakanin Zamalek da Ataba, cibiyar kayan araha ta birnin, inda takalma ke jibge a kan tebura da bakin titi. 'Yan kasuwar Masar ma ba sa ɓoyewa: suna da sunan da suke kiran jabu mai daraja ta ɗaya, wato "hai kobi", kuma ana tallarsa da wannan suna a fili, a kasuwa da kuma shafukan Facebook da Instagram.

Masu lura da al'amuran tattalin arziki na danganta bunƙasar wannan ciniki da halin da fam ya shiga. A farkon 2016 ana sayar da dalar Amurka ɗaya a kan ƙasa da fam 9 a hukumance. A watan Nuwamba na wannan shekara gwamnati ta saki kuɗin ya nemo wa kansa daraja, bisa yarjejeniyar da ta ƙulla da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, nan da nan ya rasa kimanin rabin darajarsa. A farkon 2022 dala tana kan fam 15 da 'yan kai, a farkon 2023 ta kai 30, sa'an nan a ran 6 ga watan Maris na 2024 ta doshi 50. Hauhawar farashin kaya kuwa ta kai kashi 38 cikin ɗari a watan Satumba na 2023.

Ma'anar waɗannan alƙaluma ga mai neman takalmi a bayyane take. Takalmin dala 100, wanda a farkon 2016 bai kai fam 900 ba, ya koma kusan fam 5,000 a 2024, tun kafin a ɗora harajin kwastan da ribar ɗan kasuwa. Na dala 250, irin wanda ake tsere da shi, ya haura fam 12,000, wato ninki biyu na mafi ƙarancin albashin da aka tsayar wa ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu a watan Mayu na 2024, wanda shi ne fam 6,000. Bugu da ƙari, matakan da hukumomi suka ɗauka don tsimin kuɗin musaya, kamar dokar 2016 da ta wajabta wa masana'antun ƙetare yin rajista kafin a shigo da wasu kayansu, da kuma ƙa'idar da babban bankin ƙasar ya gindaya wa masu shigo da kaya a mafi yawan shekarar 2022, sun rage kayan da ke shigowa ta halastacciyar hanya. Giɓin da aka bari, masu jabu ne suka cike shi.

Matsalar dai ba ta Masar kaɗai ba ce. Wani rahoto da ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki da raya ƙasashe ta OECD ta fitar a 2019, tare da ofishin Tarayyar Turai mai kula da haƙƙin mallakar fasaha, ya ƙiyasta cinikin jabun kaya tsakanin ƙasashe a kan dala miliyan dubu 509 a shekarar 2016, wato kashi 3.3 cikin ɗari na cinikin duniya baki ɗaya. Takalma ne suka zo kan gaba, da kashi 22 cikin ɗari na darajar kayan da jami'an kwastan suka kama. Akasarinsu daga ƙasar Sin suke fitowa, kuma birnin Putian da ke lardin Fujian ya yi ƙaurin suna a wannan fanni. A can ne manyan kamfanonin takalma suka riƙa ba da kwangilar ɗinki tun cikin shekarun 1980, lamarin da ya bar wa birnin ƙwararrun ma'aikata da suka san sirrin sana'ar ciki da bai.

To sai dai kuma abin da ke da sauƙin kwaikwayo a jikin takalmi shi ne abin da ido ke gani: launi, da tambari, da ɗinki, da kwali. Abin da ke aiki a lokacin gudu kuwa a ɓoye yake. Tsakanin fuskar takalmi da robar da ke taɓa ƙasa akwai wata shimfiɗa ta soso, kuma ita ce ke karɓar dukan da ƙafa ke yi wa ƙasa. Masana sun auna cewa a kowane taku na gudu, ƙarfin da ke komawa jiki ya kai ninki biyu zuwa uku na nauyin mutum. Mai nauyin kilo 70 ke nan yana ɗora wa ƙafa ɗaya abin da ya kai kilo 140 zuwa 210, kuma idan ya yi gudun kilomita 10 cikin sa'a guda, zai maimaita haka kusan sau dubu goma. A kan kwalta da daɓen siminti irin na titunan Zamalek, babu abin da ke rage wannan duka sai soson takalmi da kuma gaɓoɓin mai gudun.

A kan wannan soso ne manyan kamfanoni suka fi zuba kuɗin bincike. Shekaru da dama ana amfani da wani nau'i mai araha da ake kira EVA. A 2013 kamfanin Adidas ya fito da Boost tare da haɗin gwiwar kamfanin sinadarai na BASF na Jamus, sa'an nan a 2017 kamfanin Nike ya fito da Vaporfly, mai soso marar nauyi da wani siririn faranti na sinadarin kabon a tsakiya. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Colorado ta Amurka, wanda kamfanin Nike ɗin ne ya ɗauki nauyinsa, ya nuna cewa takalmin na rage ƙarfin da mai tsere ke kashewa da kimanin kashi 4 cikin ɗari. Bayan da Eliud Kipchoge na Kenya ya kammala gudun dogon zango cikin ƙasa da sa'o'i biyu a birnin Vienna a watan Oktoba na 2019 sanye da wani samfuri na wannan jinsi, hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta ƙayyade kaurin ƙasan takalmin tsere a kan titi da kada ya wuce milimita 40. Irin wannan soso yana da tsada, kuma tunda mai saye ba zai tsaga takalmi ya duba ba, nan ne mai jabu ya fi samun damar rage kashe kuɗi.

An taɓa gwada jabu da na asali kai tsaye a ɗakin bincike. Masana a Jami'ar Sao Paulo ta ƙasar Brazil sun sa mutane 12 gudu a kan saurin kilomita 9 cikin sa'a, wata rana da takalmin asali, wata rana da kwaikwayonsa, suka buga sakamakon a 2012. Sun gano cewa da jabun takalmi dukan ƙasa yana isa jiki da sauri kuma da ƙarfi, matsin da ke kan tafin ƙafa ya fi yawa, kuma faɗin wurin da nauyin jiki ke bazuwa a kai ya ragu. Yadda tsokokin ƙafa ke aiki kuwa bai canza ba, wato jiki bai yi wani gyara da zai rage wa kansa ƙarin nauyin ba. Binciken ƙarami ne, kuma nauyin da ke hawa jiki ya auna, bai ƙidaya waɗanda suka ji rauni ba, amma masanan sun yi gargaɗin cewa irin wannan yanayi na iya ƙara haɗarin rauni.

Alaƙar soso da rauni kuwa, wani babban bincike da aka yi a ƙasar Luxembourg ya ƙara haske a kanta. Cibiyar nazarin lafiya ta ƙasar ta raba wa masu gudu 848 takalma iri biyu waɗanda ido ba ya iya bambancewa, ɗaya mai taushin soso, ɗaya mai tauri, ba tare da an gaya wa kowa wanda ya samu ba, aka bi sawunsu har tsawon watanni shida. Sakamakon da aka buga a 2020 ya nuna cewa waɗanda suka sami mai tauri sun fi jin rauni, musamman marasa nauyin jiki daga cikinsu. Darasin da ke nan shi ne, takalma biyu na iya zama tamkar an tsaga kara a ido, amma abin da suke yi wa jiki ya bambanta. Kamar yadda masu iya magana kan ce, kama da wane ba ta wane.

Akwai kuma wani ɓangare da ya shafi tunanin mai gudun kansa. A 1997 wasu masana a birnin Montreal na Kanada sun sa mutane su riƙa takowa daga wani ɗan dakali zuwa kan shimfiɗu da aka yi da soso iri ɗaya, amma aka yi musu bayani dabam-dabam a kan kowace. Inda aka zuzuta musu cewa shimfiɗar na ba da cikakkiyar kariya, sun fi saukowa da ƙarfi. Inda aka gargaɗe su kuwa, sun fi yin hattara. Idan aka ɗora wannan a kan batun jabu, za a iya cewa wanda aka yaudara ya ɗauka na asali ya saya ya fi zama cikin haɗari, domin ya saki jiki da kariyar da babu ita. Shi kuwa wanda ya saya da saninsa, ai kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

A ɗaya ɓangaren kuma, kuskure ne a ɗauka cewa tsada ita ce lafiya. Masana a Jami'ar Dundee ta Scotland sun gwada takalman asali na kamfanoni uku a kan maza 43, daga masu araha zuwa masu tsada, suka gano cewa masu arahar na rage matsi a tafin ƙafa daidai da masu tsadar, wani lokaci ma fiye. Sun kuma gano cewa daɗin da mutum ke ji a ƙafarsa ba shi da alaƙa da farashin takalmin. Wannan bincike, wanda mujallar likitocin wasanni ta Birtaniya ta buga, ya karya hujjar da ke tura mutane da yawa ga jabu, wato tunanin cewa sai da samfuri mafi tsada ake gudu, kuma in ba a samu na gaskiya ba a nemi mai kama da shi. Mai gudun motsa jiki a bakin Nilu ba ya bukatar takalmin Kipchoge, ba na gaskiya ba, balle na ƙarya.

Dangane da daɗin sawa, masu sayar da jabu na da abin kafa hujja, domin sau da yawa sabon jabu yana da taushi a ranar farko. Amma gwajin minti biyar a bakin tebur ba ya nuna abin da zai faru bayan wata biyu. Tun a 1985 wani bincike a Jami'ar Tulane ta Amurka ya nuna, ta hanyar gwaji da inji, cewa takalman asali ma kan rasa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin shanye duka bayan kilomita 80, kuma abin da ke saura ba ya kai kashi 60 cikin ɗari tsakanin kilomita 400 zuwa 800, ko da yake lalacewar ba ta kai haka ba a ƙafar mutum. Idan soson da aka auna aka tantance yana mutuwa haka, to wanda ba a san da me aka yi shi ba fa? Wannan gargaɗi ya shafi masu sayen gwanjo ma: takalmin na iya zama na asali, fuskarsa tana sheƙi, alhali sosonsa ya riga ya mutu a ƙafar wani.

Adalci ne a ce jabu hawa-hawa ne. Akwai wanda gam ɗinsa ke saki a makon farko, akwai kuma wanda aka ɗinka da kyau har zai yi shekara ana zuwa kasuwa ko makaranta da shi ba tare da wata illa ba. Ga wanda ado kawai yake nema, asarar ta fi shafar kamfanin da aka saci sunansa da kuma baitulmalin da aka ƙi biya wa haraji. Matsalar mai gudu dabam take. Ba shi da hanyar sanin wane hawa ya samu, babu tabbacin cewa ƙafar dama da ta hagu taurinsu ɗaya, kuma babu wanda zai kama idan ƙwaurinsa ko diddigensa ya soma ciwo. Ko sinadaran da aka yi amfani da su ma abin dubawa ne: a 2022 ƙungiyar masu masana'antun tufafi da takalma ta Amurka ta sa an gwada jabun kayayyaki 47, aka samu 17 sun saɓa ƙa'idojin kare lafiya, saboda abubuwa masu guba irin su dalma.

Ta fuskar doka, Masar ba ta rasa tanadi ba. Akwai doka mai lamba 82 ta 2002 da ke kare haƙƙin mallakar fasaha da tambarin kasuwanci, akwai mai lamba 181 ta 2018 da ta ba mai saye damar mayar da kaya cikin kwanaki 14, ko kwanaki 30 idan an sami aibu, kuma a 2023 aka kafa hukuma ta musamman mai kula da haƙƙin mallakar fasaha. Sai dai cin moriyar waɗannan dokoki na bukatar rasit da adireshin mai sayarwa, abubuwan da mai tebur a bakin titi ko mai talla ta wayar salula ba ya bayarwa. Haka nan samamen da jami'ai kan kai, duk da amfaninsa, ba ya taɓa tushen matsalar, wato tazarar da ke tsakanin albashin da ake biya da fam da farashin da ake yankawa da dala.

Wannan labari ba baƙo ba ne ga jama'ar Afirka ta Yamma. Bayan da gwamnatin Nijeriya ta saki naira a watan Yuni na 2023, dala ta tashi daga kimanin naira 460 zuwa fiye da 1,500 a farkon 2024. Matasan da ke fita gudun asuba a Kano ko Kaduna, walau 'yan ƙwallo ne ko masu shirin shiga aikin soja da na 'yan sanda, suna fuskantar irin zaɓin da takwarorinsu na Alƙahira ke fuskanta: sabon jabu mai ƙyalli, ko gwanjon Ƙofar Wambai, ko kuma a haƙura. Ƙasashen biyu kuma suna da masu sana'ar takalmi na gida, Masar a unguwar Babus Sha'ariya da sabuwar cibiyar fata ta Rubiki, Nijeriya a Aba da Kano. Masu sharhi na ganin da za a tallafa wa irin waɗannan su yi takalman wasanni masu sauƙin kuɗi da sunan kansu, bisa ma'aunin da hukuma ta tantance, da an rage dogaro da tambarin aro.

Idan aka tattara sakamakon binciken da aka ambata, shawarar da ke fitowa ga mai ƙaramin ƙarfi ba ta da sarƙaƙiya. Takalmin asali mai araha, ko samfurin bara da aka rage wa kuɗi, ya fi kwaikwayon mafi tsada. A saya a inda ake ba da rasit, a gwada ƙafa biyu a ɗan yi sassarfa da su, a murɗa takalmin a ga ko yana da ƙwari a tsakiya, a kuma matsa bayan dunduniya a ji ko yana riƙewa. Wanda kuma bai da yadda zai yi sai jabu, to ya rage nisa, ya nemi ƙasa ko ciyawa maimakon kwalta, kuma ya dakata da zarar ya ji ciwon da ba ya wucewa. Abebe Bikila na Habasha ya lashe gudun dogon zango a gasar Olympics ta birnin Rum a 1960 ba takalmi a ƙafarsa, amma jikinsa ya saba da haka, kuma ya san sarai babu abin da ke tsakaninsa da ƙasa.

Ko shakka babu, muddin tsadar rayuwa ta ci gaba da matsa wa masu matsakaicin ƙarfi a Masar, kasuwar jabun takalma za ta ci gaba da samun masu saye, har daga cikin mazauna unguwanni irin su Zamalek waɗanda a da ba sa kallonta. Abin jira a gani shi ne ko hukumomi da ƙungiyoyin masu gudu za su soma ɗaukar batun a matsayin na lafiyar jama'a, su wayar da kan matasa a kansa, maimakon barinsa a matsayin rigimar tambari tsakanin manyan kamfanoni da 'yan fasa-ƙwauri. Kamfani na iya mayar da asararsa a shekara mai zuwa, amma matashin da ya lalata gwiwarsa yana da shekara ashirin da biyar, shi zai daɗe yana biya.